Wa Ka Ke Yi wa Tafi? Magana ga Masu Bi a kan Kallon Masu Kisankai

 An rubuta wannan 'yar takarda domin mutanen Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi da ƙauyukan da ke kewaye da su, gama ku kun san abin da za mu faɗa fiye da mutanen nesa. Ka zauna ka karanta a hankali. Idan akwai wanda bai iya karatu ba a gidanku, ka karanta masa a fili domin shi ma ya ji.

Jirgin ƙasa ya iso Kaura Namoda a 1929. A shekarun da suka biyo baya kakanninmu suka fara ganin majigi: sai a kawo mota, a kafa farin ƙyalle a fili, gari duka ya taru da dare ya yi kallo, sa'an nan a yi watanni ana labarinsa. Yau majigin ya shiga aljihu. Yaro ya kan kai wayarsa wurin masu tura fim a bakin tasha, ya ba da 'yan kuɗi kaɗan, a cika masa ita. Kuma ka san irin fim ɗin da samari su ke nema gaba da kowane, wato na 'yan daba da manyan masu laifi, ko na Indiya da aka fassara da Hausa, ko na Amurka. Labarinsu kusan ɗaya ne kullum. Ga yaro matalauci, an kashe ubansa a kan idonsa. Ya kai ƙara, ba wanda ya saurare shi. Ya girma da ƙullin zuciya, ya tara samari, ya kashe wanda ya kashe ubansa, sa'an nan ya kashe wanda ya tsaya masa a hanya, har birni duka ya shiga hannunsa. Sa'anda ya ke tafiya sai a saki kiɗa, mai fassara yana zuba masa kirari. Mutane suna faɗuwa hagu da dama kamar karan dawa, shi kuwa ko rigarsa ba ta yi datti ba. Na taɓa tsayawa a ƙofar wani gidan kallo da maraice, na ji yara sun ɗauki tafi da sowa gaba ɗaya. Da na leƙa, ashe yanka wani aka yi.

Wataƙila za ka ce, ai wasa ne, jinin ma jan ruwa ne, wanda aka kashe zai tashi ya karɓi ladansa ya tafi gida. Gaskiya ne. Amma a ƙasarmu akwai majigi na biyu, wanda jininsa jini ne, kuma cikin waya ɗaya ya ke zaune da na farin. Shugabannin 'yan fashin daji sun koyi ɗaukar kansu a hoto. Bello Turji, wanda ya fito daga ƙasar Shinkafi, ya kan zauna da bindiga a cinya, yaransa a bayansa, ya yi wa gwamnati da talakawa jawabi kamar sarki a fada. A 2024 motar yaƙi mai sulke ta sojoji ta kafe cikin laka a wajen Kwashabawa, a ƙasar Zurmi, shi da mutanensa suka kewaye ta suna murna, hoton kuwa ya zaga ƙasa duka kafin gari ya waye sau biyu. Waɗansu 'yan bindiga sun riƙa baje damman kuɗi a TikTok, kuɗin da aka karɓa daga hannun iyayen waɗanda aka sace. Har waƙar yabo an yi wa Turji, yara suka riƙa rera ta a hanya. To, ka dubi fuskar saurayin da ya ke kallon waɗannan. Fuskar nan ce ta gidan kallo, murmushin nan ne, da girgiza kai, da cewa wannan namiji ne.

Bari mu yi magana a kan abin da na'urar ɗaukar hoto ta ke juya wa baya. Kullum tana bin mai kisa, wanda ya faɗi kuwa ba a ko faɗin sunansa. A watan Fabrairu 2018 an kashe mutum kimanin 40 a Birane cikin ƙasar Zurmi, da yawansu fatake ne da masu zuwa kasuwa. A watan Yuni 2021 aka bi Kadawa da ƙauyukan da ke kusa da ita, a Zurmin dai, 'yan sanda da kansu suka ƙirga gawa 53, galibinsu manoma. A watan Yuli 2025 mutanen Banga, a ƙasar Kaura Namoda, suka tara kuɗin fansa da wahala mai tsanani suka kai daji, duk da haka aka kashe fiye da 30 daga cikin waɗanda aka kama. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da uwa da ta yi naƙudarsa, yana da suna da aka raɗa masa ran bakwai. Wace waƙa aka yi musu? Babu mai ɗaukar hoton mace tana takaba da goyo a baya, ko gonar da ta shekara 3 ba a sa mata garma ba, ko tsohon da ya sayar da shanun nomansa da rumbunsa ya fanshi ɗansa aka ba shi labarin mutuwa. Mutanen Moriki sun san abin da a ke nufi da harajin daji, miliyoyin naira a kan gari ɗaya, kafin a bar mutum ya girbe abin da ya shuka da hannunsa. A watan Satumba 2021 gwamnati ta rufe layukan waya a Zamfara duka, ta hana cin kasuwannin dabbobi, har babbar kasuwar Shinkafi ta yi shiru, mai gaskiya da marar gaskiya suka sha yunwa tare. Wannan shi ne sauran fim ɗin, wanda a ke yankewa.

Kada ka ce muna hana ka sanin labarin ƙasarka. A 2022 gidan talabijin na Trust TV ya nuna wani fim na gaskiya a kan 'yan fashin daji, BBC kuma ta nuna nata, wanda wani saurayi ɗan Zamfara, Yusuf Anka, ya shiga daji ya yi. Gwamnatin tarayya ta ce an ɗaukaka 'yan ta'adda, hukumar kula da gidajen watsa labarai ta ci Trust TV tarar naira miliyan 5. A ganina waɗannan masu aikin sun nuna makoki tare da bindiga, sun bar waɗanda aka cuta su yi magana, kuma mutumin da a ke kashe 'yan'uwansa yana da hakkin ya san dalili. Amma fim ɗaya mutum 2 za su kalla, ɗaya ya tashi da hawaye da addu'a, ɗaya ya tashi yana sha'awar rawanin mai bindiga. Tambayar da na ke yi maka ita ce, wane ne kai cikin biyun nan?

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye mana irin waɗannan mutane ba. Ka buɗe Littafin Alƙalawa, sura 9, ka karanta labarin Abimelek ɗan Gidiyon. Gidiyon yana da 'ya'ya 70, Abimelek kuwa ɗan ƙwarƙwara ne daga Shekem. Ya tafi wurin dangin uwarsa ya zuga su da zancen jini ɗaya, suka ɗebo azurfa 70 daga ɗakin gunkinsu suka ba shi. Da kuɗin nan ya yi ijarar 'yan iska marasa aikin yi, suka bi shi zuwa gidan ubansa a Ofra, ya yanka 'yan'uwansa a kan dutse ɗaya. Autansu kaɗai, Yotam, ya ɓuya ya tsira. Sa'an nan mutanen Shekem suka taru suka naɗa mai kisan nan sarki. Ka lura da wannan da kyau: su ba su riƙe wuƙa ba. Kuɗi suka bayar, tafi suka yi.

Yotam ya hau dutse ya ba su misali, ya ce itatuwa sun fita neman sarki. Zaitun ya ƙi, ɓaure ya ƙi, kurangar inabi ta ƙi, gama kowannensu yana da amfanin da ya ke bayarwa. Ƙaya ce kaɗai ta karɓa, ta kira su su shiga inuwarta. Kai manomi ne, ka san inuwar ƙaya, ka kuma san yadda ta ke kama wuta da rani. Shekara 3 kawai Abimelek ya yi, shi da mutanen Shekem suka ɓata. Suka sa 'yan kwanto a kan duwatsu suna yi wa matafiya fashi, kamar yadda a ke yi yau a hanyar Kaura zuwa Shinkafi. Shi kuwa ya zo ya rushe garin da ya naɗa shi, ya barbaɗe shi da gishiri, ya ƙone mutum wajen 1,000, maza da mata, cikin hasumiyar da suka fake. Daga nan ya wuce Tebez zai yi haka kuma, sai wata mace ta sako masa ɗan dutsen niƙa daga bisa, ya fasa masa kai. Ka ji abin da ya dame shi a sa'ar mutuwarsa? Bai tuna da 'yan'uwansa ba, bai roƙi gafara ba. Ya ce wa yaron da ke riƙe masa makamai ya soke shi, domin kada a ce mace ce ta kashe shi. Har numfashinsa na ƙarshe yana gyara labarin da za a bayar a kansa, kamar mai shirya majigi. Amma Allah ya sa aka rubuta dutsen niƙan, ga shi muna karantawa har yau.

Dajin Zamfara ya ga Abimelek fiye da ɗaya. Buharin Daji ya yi zamani ana rawar jiki da jin sunansa, a watan Maris 2018 kuwa ɗaya daga cikin nasa, Dogo Giɗe, ya kashe shi. Halilu Sububu ya tara makamai da dukiya har waɗansu 'yan bindiga suna kiransa ubangida, sojoji suka kashe shi a watan Satumba 2024. Amma kada in ruɗe ka, ɗan'uwana. Ba kowane mugu ne dutsen niƙa ya ke samu da wuri ba. Waɗansu suna tsufa, waɗansu a kan zauna da su a yi sulhu a ba su girma, gwauruwar da suka kashe wa miji tana kallo. Masu zabura ma sun yi kuka a kan wannan, har ɗayansu ya ce ƙafarsa ta kusa zamewa sa'anda ya ga wadatar mugaye. Mu dai ba mu dogara ga abin da ido ya ke gani ba. Akwai ranar shari'a, kuma Mai Shari'ar ya san sunan kowane mutumin Birane da na Banga.

Yanzu ka zo da ni ƙofar Bilatus a Urushalima. An tsai da mutum 2 a gaban jama'a. Ɗaya Barabbas ne, ɗan fashi, wanda ya yi kisankai cikin tawaye, sananne ne a gari. Ɗaya kuwa Yesu ne, wanda ya warkar da makafi da kutare, an yi masa dūka, an ɗaure shi, ba ya ko buɗe baki. Aka ce wa jama'a su zaɓi wanda za a saki. Ka san wanda suka zaɓa. Zuciyar ɗan Adam tun daga zamanin Kayinu tana karkata ga mai ƙarfin hannu, tana raina mai tawali'u. Kai da aka yi maka baftisma, ko ka ke shirinta, ka riga ka ce ka zaɓi Yesu. Ƙaƙa za ka yi masa waƙa ran Lahadi da safe, da dare kuma ka kwanta kana yi wa Barabbas tafi a cikin bargo?

Abin da zuciya ta saba yabo, hannu ba ya daɗewa sai ya yi masa hidima. Ɗan fashin daji ba ya noma, ba ya tace man fetur, ba ya gasa burodi. Bai san wanda ya sayar da amfanin gona jiya ba, bai san gidan da ɗansu ya aiko da kuɗi daga Legas ba, sai wani na cikin gari ya gaya masa. Waɗannan masu kai labari, da a ke kira infoma, ba daga sama suka faɗo ba. Yaran unguwa ne, waɗansunsu da su aka zauna a gidan kallo. An fara da sha'awa, sa'an nan gaisuwa a waya, sa'an nan jarkar mai ɗaya a kan riɓi biyu na kuɗinta, sa'an nan sunan maƙwabci. Yahuza ma bai bugi Ubangiji ba, nuna shi kaɗai ya yi, ya karɓi azurfa 30. Saboda haka mai bin Yesu ba ya kai musu labari, ko mai, ko ƙwaya, ko katin waya domin riba. Idan an kawo maka saniya a rabin kuɗinta, ba ka kuwa san garken da ta fito ba, ka bar ta ko da ranka yana so, gama wataƙila mai ita yana kabari. Hoton alfaharinsu kuma idan ya shigo wayarka, kada ka tura wa kowa. Domin a tura ɗin aka ɗauke shi, tsoro da suna su ne jarinsu, kowane mai turawa kuwa ɗan dako ne da ba a biya ba.

A nan sai in rarrabe, domin kada in ɗora wa raunanan lamiri kaya. Wanda aka sace masa ɗa ya biya fansa, ko garin da aka aza wa haraji da bakin bindiga, ko wanda aka tilasta ya yi musu noma, waɗannan an zalunce su ne, ba su yi tarayya da mugunta ba. Kada kowa cikin ekklesiya ya nuna su da yatsa. A taimake su da hatsi da addu'a, ko su masu bi ne ko Musulmi, gama harsashi bai tambayi addinin kowa ba, mafi yawan waɗanda aka binne kuwa maƙwabtanmu Musulmi ne.

Saura ƙarya mafi girma da fim ɗin ya ke koyarwa, wato ramuwa ita ce mazakuta. Wannan ce ta fi kusa da kai, musamman idan an taɓa gidanku. Ka tuna yadda wutar nan ta ruru. An saci shanu, an yi fashi, hukuma ta yi sanyi. 'Yan sa-kai suka tashi, da farko domin tsaro, amma waɗansunsu suka riƙa kama Bafulatani a kasuwa su kashe ba tare da shari'a ba, suka ƙone rugage, mai laifi da marar laifi. 'Ya'yan waɗanda aka kashe suka shiga daji. Turji da bakinsa ya gaya wa 'yan jarida cewa an kwashe shanun gidansu, an kashe danginsa, shi ya sa ya ɗauki bindiga. Ko da haka ne, me matafiyan da aka ƙone cikin mota a ƙasar Sabon Birni a watan Disamba 2021 suka yi masa? Kowane ɓangare yana ba da labarinsa daga ranar da aka cuce shi, kamar yadda fim ya ke farawa da mutuwar uban jarumi, ba ya kuwa nuna marayun da jarumin ya bari.

Dawuda ma ya kusa faɗawa cikin ramin nan. Sa'anda ya ke gudun Saul yana da jarumawa 600 a jeji. Wani mawadaci, Nabal, mai tumaki 3,000, ya zage shi ya hana shi abinci, ko da ya ke mutanen Dawuda sun tsare masa garke. Dawuda ya yi fushi, ya ɗauki mutum 400 da takuba, ya rantse ba zai bar namiji ko ɗaya da rai a gidan ba. Bayin Nabal fa, me suka yi? Sai Abigel matar Nabal ta tarye shi a hanya da jakuna ɗauke da abinci, ta tuna masa cewa wata rana zai zauna a gadon sarauta, kada jinin banza ya zama masa abin baƙin ciki a ranar. Dawuda ya tsaya, a gaban mutanensa duka, ya gode wa Allah da ya aiko ta, ya juya. Da a majigi ne da yara sun yi tsaki sun watse. Amma wannan juyawar ta fi kashe Goliyat wuya. Ubangijinmu kuma, a daren da aka kama shi, Bitrus ya zare takobi ya sare kunnen bawan babban firist, Yesu ya tsawata masa, ya taɓa kunnen ya warkar.

Ba mu ce ka miƙa wuya a yanka iyalinka ba. Tsaron gari halal ne, Nehemiya ya sa masu gadi a kan garun Urushalima dare da rana. Idan ka shiga masu gadin unguwa, ko Askarawan da gwamnatin Zamfara ta kafa a 2024, ka yi aikin da tsoron Allah. Wanda ya zo da bindiga a tare shi. Amma wanda aka kama aka ɗaure, a miƙa shi ga hukuma da ransa, ko da kana shakkar abin da hukumar za ta yi. Kada ka taɓa mutum saboda harshensa ko sandar da ke kafaɗarsa. Bafulatanin da ke kawo nono a ƙofar gidanku, mai yiwuwa ne shi ma an kwashe masa garke, yana tsoron daji, yana tsoron gari. Idan taro ya taso masa a kasuwa, kai ne Abigel a ranar, ko da muryarka tana rawa.

Watakila kuwa takardar nan ta iske ka ka riga ka sa hannu. Ka taɓa faɗin sunan wani, ko akwai saniya a turkenka da ka san asalinta, ko akwai jini a hannunka wanda ba wanda ya sani sai kai da Allah. An gicciye Yesu tsakanin 'yan fashi 2. Ɗaya ya yi ta zagi har ya mutu. Ɗayan ya amsa laifinsa a fili, ya ce hukuncinsa daidai ne, ya roƙi Yesu ya tuna da shi, Yesu kuwa ya karɓe shi a ranar nan. Ƙofar da ɗan fashin nan ya shiga ba a rufe ta ba, ko ga waɗanda su ke daji yanzu, shi ya sa mu ke ambatonsu cikin addu'a ko da baki yana nauyi. Amma tuba tana da ƙafafu. Zakka mai karɓar haraji, da ya tuba, ya mayar wa waɗanda ya cuta riɓi 4. Kada ka yi wannan kai kaɗai, gama fita daga hannun mutanen nan akwai hatsari. Ka tafi wurin fastonka ko wani dattijon ekklesiya mai riƙe asiri cikin makon nan, ka faɗa masa duka, ku yi shawara a kan yadda za a mayar da abin mutane da yadda za a sanar da hukuma ba tare da an jefa iyalinka cikin wuta ba.

Ku iyaye kuma, yau da dare bayan tuwo, ku ce wa yaron ya kawo wayarsa. Kada ku fara da bulala. Ku zauna ku kalli abin tare da shi, sa'anda mutum ya faɗi kuwa ku tsai da hoton, ku tambaye shi ko wannan da ya faɗi yana da 'ya'ya, wa zai ciyar da su gobe. Sa'an nan ku buɗe Alƙalawa sura 9, ku ba shi ya karanta muku da bakinsa.